Hannun Hagun Saloma Maginiya

A Zuru idan mace ta ce randar da ke ɗakinta ginin Saloma ce, ba a ƙara tambayarta komai, sai dai a ce ta ɗebo ruwan a sha. Shekara talatin da wani abu Saloma na gina tukwane a bayan gidanta da ke gindin dutse, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ta tana aiki ya san bahaguwa ce. Hannun dama tallafi kawai yake yi daga waje. Na hagu shi ke shiga cikin tukunyar, shi ke jan yumɓu sama, shi ke sanin inda jikinta ya yi kauri da inda ya yi siriri. Babban yatsa da biyun da ke biye da shi su ne ke fitar da baki. Ita kanta takan ce idonta bai taɓa gina tukunya ba, yatsun nan uku ne ke yi mata gani.

Hannun nan kuwa ya sha wuya tun kafin ya san yumɓu. A wani ƙauye kan hanyar Kanya aka haife ta, kakarta ta wajen uba ce ta raine ta. Tsohuwa ce mai tsabta har tsabtar ta yi yawa, wadda a wurinta aiki ɗaya tak Allah ya yi wa hannun hagu, wato wanke ƙazanta bayan mutum ya zaga. Ranar da ta ga jikarta ta tsoma hagu cikin ƙwaryar tuwon dawa, sai ta sa aka juye wa kare tuwon gaba ɗaya. Sauran yaran gidan suka wuni da yunwa, suka kuma huce a jikin Saloma. Daga nan aka fara. An ɗaure hannun da tsumma a bayanta, an shafa masa barkono, an buge shi da muciya har gaɓar ta yi tabon da ke nan har yau.

Kuma dukan ya yi aiki, kada wani ya ce bai yi ba. Saloma ta koyi ci da dama, gaisuwa da dama, bayarwa da karɓa da dama. Ta koya har ta fi tsohuwar tsanani. Ko da ta girma, idan mai shago ya miƙo mata abu da hagu sai ta ce ya ajiye a kan tebur za ta ɗauka da kanta. A wurin yumɓu ne kawai hannun ya ƙi jin magana. Gwaggonta da ta koya mata ginin ta gwada gyara ta sau biyu, ta ga tukwanen hagun sun fi na 'ya'yanta kyau, sai ta ce ita ba ruwanta in dai ba sa yoyo. To, haka hannun hagun Saloma ya tashi da aiki biyu, gini da wanki, ita kuwa ba ta taɓa yarda ayyukan nan biyu su gamu ba. Farcenta kullum a yanke yake. Tana da sabulunta dabam a bakin bayan gida, da gwangwanin toka a gefensa, kuma ba ta taɓa yumɓu sai ta dirje hannun har ya yi ja.

Mijinta Solomon ya yi wa mahaifinta golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya damina bayan damina kafin a ba shi ita. Yana gamawa aka ɗaura, ba a jima ba ya shiga soja kamar rabin samarin ƙasarsu. Ta bi shi bariki biyu, ta ga ba za ta iya ba. Babu yumɓun kirki, babu wurin gasa tukwane, matan bariki kuma sun fi son bokitin roba. Sai ta kwaso ɗiyarsu Sandra ta dawo Zuru ta kafa aikinta. Solomon ya yi shekarunsa ya dawo da gurguwar gwiwa da ɗabi'a ɗaya da ta fi ba ta haushi: duk wanda ya sa kayan aiki, ko ɗan sanda ne ko mai karanta mita, a wurinsa kwamanda ne, ba a yi masa musu.

A bazarar shekarar da abin ya faru, Sandra tana koyarwa a Sakaba, an kuma sa bikinta bayan Ista. Saloma ta ce ɗiyarta ba za ta shiga gidan miji ba sai da randar da ba a taɓa ganin irinta ba. Irin wannan randa ba a gina ta a yini ɗaya. Ana ɗora hawa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ya ɗan sha iska, kashegari a ɗora wani. Ta kai ta har kafaɗa, saura wuya da baki, wato daidai aikin yatsun nan uku. A lokacin rijiyoyin unguwar sun ja baya, ruwan da ake samu ya koma kalar kunu. Wata safiya ta tashi da murɗar ciki, kafin azahar amai da gudawa sun kwantar da ita. Solomon ya tare mai babur aka kai ta wani ƙaramin asibiti da ke kusa da su, wanda ba sai an faɗi sunansa ba.

Warin ɗakin matan ne ya fara yi mata maraba tun daga baranda. Gado takwas ne, duka cike, duk ciwo ɗaya ya kawo su. Ƙudaje sun yi baƙi a kan kwanonin abinci. An goge ƙasa da wani tsumma da ya fi ƙasar datti. Duk da jirin da ke ɗibarta sai da ta ja gyalenta ta toshe hanci. Aka kwantar da ita a gadon da aka ɗaga wata yanzun nan, katifar da sauran ɗumin jikin waccan.

Nas ɗin da ta zo sa mata ƙarin ruwa sunanta Gladys. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Sandra ba, cocinsu ɗaya, kuma duk garin an san hannunta: ko jijiyar jariri ce, sau ɗaya take soka allura ta samu. Ba muguwa ba ce. Wannan shi ya fi cin ran Saloma daga baya, don da muguwa ce da ta san inda za ta ajiye haushinta. Gladys ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi, ta ce sannu Mama, sannan ba tare da tambaya ba ta ɗauki hannun hagu ta kifa shi a kan cinyarta, ta fara bubbuga bayansa tana neman jijiya.

Saloma ta janye hannun.

"Ɗiyata, ba wannan ba. Sa a dama, can sama da wuyan hannu."

"Haba Mama, in na ɗaure miki dama, da me za ki ci abinci?"

Saloma ta ce mata ita bahaguwa ce, da wannan hannun take gini, ba ta son komai ya taɓa shi. Gladys ta yi dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi, ta ce ai ba wanda ke gina tukunya a gadon asibiti, kwana biyu ne kawai a cire. Ta ƙara da cewa haka suke yi wa kowa, saboda mutunci, don kada a bar mutum yana cin tuwo da hagu a gaban jama'a. Saloma ta juya kai ta dubi ɗakin. Gaskiya ne kuwa. Gado bakwai, mata bakwai, kowace da farar filasta a bayan hannun hagu da siririyar roba ta tashi sama zuwa ledar ruwa. An bar wa kowa damanta ta ci abinci, a ɗakin da ba mai iya riƙe ko kunu a ciki, ɗakin da kowa ke zaga bayan gida sau goma a yini.

Dalilinta na biyu na ƙin a sa a hagu shi ne babba, amma ta yaya mace mai shekara hamsin da biyar za ta faɗe shi ɓaro-ɓaro, ga mijinta tsaye a kanta, ga mazan mutane sun zo dubiya a gadon kusa? Ta dai rage murya ta ce hannun yana da wani aikin, irin na mai ciwon ciki. Gladys ta gane sarai. Ta ce ba komai, Mama ta riƙa kula kawai kada ruwa ya taɓa filastar. Wai ta riƙa kula! Kamar akwai yadda za a yi mutum ya wanke jikinsa da hannu, ruwan ya san iyakarsa. Saloma ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai Solomon ya ce, cikin muryarsa ta fareti, Maman Sandra ta bar ma'aikata su yi aikinsu, su suka karanta. Amai ya taso mata daidai lokacin. Kafin ta ɗago daga kan roba, allurar ta shiga, sau ɗaya kamar kullum, an liƙa filasta an wuce gado na gaba.

Bayan gidan asibitin nan, kai, Allah ya raba bawa da shi. Rami ɗaya ne ga mata takwas da masu jinyarsu. Ƙofar ba ta rufuwa sai an tokare da ƙafa. Simintin ya jiƙe da abin da ba ruwa kaɗai ba, tsutsotsi na yawo a bakin ramin da rana tsaka. Buta ɗaya ce, hannunta ya yi santsi saboda yawan hannayen da suka riƙe ta, kuma ruwan durom ɗin da ake cika ta kan ƙare tun hantsi. Babu sabulu, babu ko toka. An kafa ƙusa a bango don rataye ledar ƙarin ruwa, wanda ke nuna wani ya taɓa tunanin yadda mai ciwo zai shiga da ledarsa, amma tunanin nasa bai kai ga yadda zai yi wanki ba. Saloma ta rataye ledar, ta riƙe buta da dama, ta yi abin da aka koya mata tun tana shekara huɗu. Ta ji ruwan yana gangarowa ta tsakanin yatsu, ya bi bayan hannu, ya shige ƙarƙashin filastar. Ta tsaya tana kallonsa.

A rana ta biyu ta ce bari ta gwada juyawa. Ta riƙe butar da hagu, ta yi wankin da dama. Sau ɗaya ta yi. Da ta fito ta sa Solomon ya sayo sabulu, ta wanke hannun har fata ta yi fari, amma da aka kawo kunu ta kai hannun kusa da baki sai ta kasa sha. Ba ta ji warin komai ba, ta dai san inda ya je. Ta ajiye hannun can gefen gado kamar ba nata ba. Dole Solomon ya zauna yana ba ta kunu da cokali, matan ɗakin na kallo suna murmushi, wata har tana cewa soyayya ce. Kunya ta kusa kashe ta. Daga wannan ta koma wa hagu, don abin da muciya ta dasa a jikinta ya fi ƙarfin hankalinta, kuma ta san haka, ta kuma ji haushin kanta.

Filastar da aka liƙa fara tas ta koma ruwan toka, daga nan ta koma wata kala da ba a son faɗa. Gefenta ya ɗago, ya nannaɗe. Idan ta ɗaga hannun don gyara ɗankwali sai ta ji warin ya bugi hancinta, warin ramin nan, a jikinta, a hannun da take dirjewa da toka shekara hamsin. Ta kira Gladys ta nuna mata, ta roƙi a cire a mayar ɗaya hannun. Gladys tana gudu tsakanin gadaje, an kawo sabbin marasa lafiya uku an shimfiɗa su a ƙasa. Ta ɗan duba robar, ta ga ruwa na ɗiga, ta ce jijiyar na tafiya lafiya, kuma jikin Mama ya bushe, idan aka cire wannan samun wata zai yi wuya. Sai ta yago sabuwar filasta ta liƙa a kan tsohuwar. A kan tsohuwar, da dattinta da komai! Daga waje hannun ya koma fari tas, abin da ke ciki kuma aka rufe shi ya ci gaba da dahuwa a zafin bazara.

Kwana biyun da aka ce suka zama huɗu. Gudawar ta tsaya, an gode Allah, kuma gaskiya ruwan nan ne ya ceci ranta, ita ma ba ta taɓa musun wannan ba. Ranar sallama da aka ɓare filastar, fatar ƙarƙashinta ta yi fari ta yi laushi kamar ta wanda ya wuni yana wanki, bakin hujin ya yi ja, wani jan layi kuma ya miƙe daga nan ya nufi gwiwar hannu. Wurin da zafi. Gladys ta danna da auduga, sannan ta ce yakan yi haka, a riƙa gasawa da ruwan ɗumi zai baje.

Tana isa gida, kafin ta shiga ɗaki, sai da ta zaga baya ta ɗaga buhun da ke kan randar. Solomon ya yi ƙoƙari, ya riƙa yayyafa ruwa kamar yadda ta ce, yumɓun bai mutu ba. Ta ce gobe in ta ji ƙarfi za ta ɗora wuya. Gobe ta zo hannun ya ƙi dunƙulewa. Jibi ya kumbura ya yi sheƙi, yatsun suka yi tsaye ba sa taɓa juna. Solomon ya gasa da ruwan ɗumi safe da yamma, ba ya ƙetare sa'a, tunda umarni ne. Wata maƙwabciya ta kawo man kaɗe da wani ganye. A rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ta, hujin ya fara tsatstsafar da ruwa mai kauri, ƙudaje suka riƙa bin ta daga ɗaki zuwa tsakar gida. Saloma, wadda ba ta iya zama kusa da wanda bai wanke baki ba, ita ce yau mutane ke zuwa dubiya suna zama daga bakin ƙofa suna shaƙar iska ta gefe. Ta lura da su ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuma ga laifinsu ba.

Sandra ce ta zo daga Sakaba ranar Asabar, ta kalli hannun sau ɗaya, ta juya kan ubanta da faɗan da ba ta taɓa yi masa ba. A ranar ta kai uwarta babban asibiti. Likitan da ya duba ya ce ba a jira gobe. Aka tsaga bayan hannun wuri biyu, aka tsaga tafin wuri ɗaya. Mugunyar da ta fito ta kusa cika ƙaramin kwano, warinta ya sa wata ɗaliba ta fita da gudu. Saloma ta juya fuska bango. Ba zafin ne ya dame ta ba kamar sanin cewa wannan abin daga cikin hannunta ya fito.

Da ya gama, likitan ya tambayi yadda aka yi. Sandra ta ba shi labari. Ya girgiza kai ya ce ai mai gudawa ba a sa masa allura a bayan hannun da yake wanki da shi, ga damtse ga dama duk a buɗe. Sannan ya juyo, da kyakkyawar niyya shi ma, ya ce:

"Mama, da kin faɗa musu ke bahaguwa ce ai."

Saloma ta dubi Solomon kawai. Tsohon soja ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ya fita baranda bai dawo ba sai da aka kira shi.

Ba a yanke hannun ba, kuma kowa ya ce ta gode wa Allah, ta kuwa gode. Amma ciwon ya ci jijiyoyin da ke motsa yatsu. Bayan wata biyu na wanki da ɗauri da matsa ƙwallon roba, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka dawo. Babban yatsa da biyun da ke biye da shi suka tsaya a lanƙwashe, ba su miƙewa, ba su kamawa. Idan ta taɓa yumɓu da su ba ta jin kauri ko siriri, sai sanyi kawai.

Randar kuwa tun tana asibiti ta bushe. Yumɓun da ya daɗe haka ba ya karɓar sabon hawa, ta tsage daga kafaɗa har ciki. Saloma ta zauna a gabanta wuni guda, sannan ta ce wa Solomon ya ɗauko taɓarya. Ya ce a bar ta mana ko don tarihi. Ta ce ya fasa. Ya fasa, ta kwashe gutsattsarin da hannu ɗaya ta zuba a ramin jiƙa yumɓu. An ɗaga bikin Sandra zuwa bayan damina, aka yi shi lafiya, amarya ta tafi gidan miji da shuɗin durom na roba da dangin ango suka saya. Da Saloma ta je ganin ɗaki aka ɗebo mata ruwa daga ciki. Ɗumi gare shi, da ɗanɗanon roba. Ta kurɓa don kada ɗiyarta ta ji kunya, ta riƙe shi a baki, da ta fita tsakar gida ta tofar a gindin bango.

Gladys ta zo gida gaisuwa sau ɗaya, bayan an tashi daga coci, da lemo a leda. Ta durƙusa ta kasa haɗa ido da ita. Ta fara cewa marasa lafiya sun yi yawa a makon nan, su biyu ne kawai a kan aiki, kuma haka ta tarar ana yi tun ranar da ta fara, manyanta ne suka koya mata cewa barin dama girmamawa ne. Duk gaskiya ne, Saloma ta sani. Ta sa hannun dama ta karɓi lemon yadda ya kamata, ta ajiye. Ta ce ba ta riƙe ta da mugunta ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya: ba a tambaye ta ba ma ta faɗa, ta faɗa sau biyu, kuma hannun a jikinta yake. Gladys ta yi kuka. Lemon ya zauna a kan taga har ya ruɓe Solomon ya zubar.

Ba ta bar yumɓu ba, don ba ta san wani abin yi da safiya ba. Ta fara koya wa hannun dama, tana da shekara hamsin da shida, abin da hagu ya iya tun tana goma sha biyu. Tukwanen suna fitowa da karkataccen baki, gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar ɓawon ƙwai, rabinsu na fashewa a wuta. Waɗanda suka tsira takan ba maƙwabta su zuba wa kaji ruwa, ba ta yarda a kai su kasuwa da sunanta. Wani lokaci idan tana fama sai ta tuna kakarta. Tsohuwar ta yi shekara goma da tsumma da barkono da muciya tana son mayar da ita mai dama a komai, ba ta ci nasara ba. Yarinya mai ladabi ta gama aikin a kwana huɗu, tana cewa sannu Mama.

Damina ta biyu bayan wannan, zazzaɓin sauro ya kama ta sosai, tana amai ba ta riƙe magani. Ruwa ya cinye hanyar babban asibiti a ranar, masu babur suka ƙi, dole aka koma ƙaramin nan. Solomon yana ta ba ta haƙuri a hanya, ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, warin ma bai canja ba. Amma da aka kwantar da ita ta juya kai, sai ta ga abin da ba ta zata ba. Wata an sa mata allurar a dama, wata a damtsen hagu, wata tsohuwa can sama kusa da gwiwar hannu. Ba gado biyu da suka yi daidai.

Gladys ce ta zo da tiren. Ta gan ta, ta ɗan tsaya, sannan ta ƙaraso ta durƙusa. Ba ta taɓa ko ɗaya daga hannayen ba. Ta ajiye nata hannayen a kan gwiwa.

"Mama, a wane hannu kike so a sa? Kuma a ina?"

Solomon ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Saloma ta ɗago hannayenta biyu ta dube su. A farcen na dama akwai sauran jan yumɓu na jiya. Na hagu kuwa tsaf yake, da tabo uku da yatsu a lanƙwashe. Ta mayar da na dama ƙarƙashin zane, ta miƙa na hagu, ta nuna can sama inda ruwa ba ya kaiwa.

"Sa a nan, ɗiyata. Na daman ɗan koyo ne, kada a taɓa mini shi. Wannan ya riga ya gama aikinsa."

Gladys ta ɗaura roba a damtsen, jijiya ta taso ɓaro-ɓaro, ko makaho zai same ta. Ta ɗauki allurar ta kai kusa, ta janye, ta sake kaiwa. Daga ƙarshe ta ajiye ta a kan tire, ta tashi ta kira wata nas ta zo ta sa.